Tsohuwar motar talaka da ta koma dokin sukuwa

A ƙasar Amurka akwai mutanen da ke da wata irin sha'awa mai ban mamaki. Mutum ya taso daga aiki da marece, ya ci abinci, sai ya shiga rumfar da ke bayan gidansa ya duƙufa bisa wata tsohuwar mota da ta girmi ubansa. Ya kwance ta ƙusa bayan ƙusa. Ya fidda ɗan injinta ya aje gefe, ya kawo wani babba wanda ya fi na farko ƙarfi sau biyar ko shida ya cusa mata. Wani shekara biyu yake yi yana wannan aiki, wani biyar, wani har goma. Motar da aka gina haka suna ce mata "hot rod". In aka juya kalmar da Hausa, ƙarfe mai zafi ke nan.

Mafi yawan masu wannan aiki tsohuwar Ford suke nema, musamman ta 1932, don kayanta sun yi yawa cikin kasuwa kuma kowane bakanike ya san cikinta. Amma akwai masu taurin kai da ba su son abin da kowa yake da shi. Su wata ƴar ƙaramar mota suke bi ƙauye ƙauye suna cigiya, wadda a zamaninta ba mai ɗaga kai ya dube ta. Sunanta Willys.

Inda abin ya samo asali

Cikin shekarun 1930 an yi matsin tattalin arziki mai tsanani a Amurka. Samari ba su da kuɗɗin sabuwar mota, amma tsofaffin Ford suna nan zube da araha. A jihar Kaliforniya, arewa da birnin Los Anjeles, akwai hamada, kuma cikin hamadar akwai manyan tafkuna da suka ƙafe, irin su Muroc da El Mirage. Ƙasarsu ta bushe ta yi tauri, shimfiɗe kamar daɓe, tafiyar kilometir da yawa ba rami ba tudu. Can samarin ke zuwa ranar hutu. Su cire wa mota rufi da gilashi da duk abin da ke ƙara mata nauyi, su gyara inji, su sake ta a ga ta wa ta fi gudu. Da haɗari ya yi yawa, sai cikin 1937 ƙungiyoyinsu suka haɗu suka kafa babbar ƙungiya guda mai suna SCTA, don a riƙa auna gudu da agogo, kowa ya bi layi.

Yaƙin duniya na biyu ya tsai da wasan, amma shi ne kuma ya ƙara masa ƙarfi. Samarin da aka ɗiba soja sun koyi walda da gyaran injin jirgin sama da na tankar yaƙi. Da suka komo gida bayan 1945, ga sana'a a hannu, ga ɗan kuɗɗi cikin aljihu. Cikin 1948 wani mai suna Robert Petersen ya fara buga mujalla mai suna Hot Rod, ta kai labarin ko'ina cikin ƙasa. Sai dai samarin sun riƙa tsere cikin titunan gari da dare, ana kashe mutane, ƴan sanda suna kamu. Maganin da aka samu shi ne a ware musu fili. Cikin 1950 aka buɗe filin tsere a wani filin jirgin sama na garin Santa Ana, cikin 1951 kuma Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA wadda ta tsara dokoki. Tseren gajere ne: motoci biyu su jeru, a ba da alama, su sheƙa miƙe tsawon metir 402. Wadda ta riga ƙetare layi ita ta ci.

Wace ce Willys?

Kamfanin Willys-Overland yana garin Toledo cikin jihar Ohayo. Daga 1937 zuwa 1942 ya ƙera wata ƴar mota don masu ƙaramin ƙarfi, ta 1941 da ta 1942 ana ce musu Americar. Abin da ake talla da shi a lokacin shi ne araharta da ƙarancin shan isansi. Injinta silinda huɗu ne, girman cikinsa litir 2.2, ƙarfinsa kamar na doki 60. Nauyin motar duka kusan tan ɗaya. Tsakanin ƙafafun gaba da na baya bai wuce metir 2 da santimetir 64 ba. Akwai mai ƙofa huɗu, akwai a-kori-kura, akwai kuma mai ƙofa biyu mai ɗan gajeren rufi da tsinin hanci. Wannan ta ƙarshe ita ce ake rububi.

Ko wanda bai taɓa jin sunan Willys ba ya san ƴar'uwarta. Injin nan mai silinda huɗu, wanda wani injiniya mai suna Barney Roos ya gyara, shi ne aka sa wa motar soja da ake kira Jeep. Farkon 1942 gwamnatin Amurka ta tsai da ƙera motocin farar hula don yaƙi, kamfanin ya koma ga Jeep, ya ƙera sama da 350,000. Bayan yaƙi bai koma ga Americar ba. Ya ci gaba da Jeep, har yana sayar da ita ga manoma don jan garma. Ita ma Land Rover ta Ingila, wadda ta daɗe tana keta rairayin Sahel, ta gwajin farko da aka yi cikin 1947 bisa shasin Jeep aka gina ta.

To da yake an daina yin Americar, kayan gyaranta suka yi wuya. Masu ita suka riƙa yasar da ita bayan rumbu da gefen gonaki, kaji suna ƙwai cikinta. Shekara goma sha biyar tana nan ba mai tambaya.

Ranar da aka tuna da ita

A filin tsere akwai wani rukuni na motocin da ke shan isansi na kowa da kowa, ba wani mai na musamman ba. Ana ce musu "gasser". Sunan ya yi kama da gasa a kunnen Bahaushe, amma ma'anarsa mai shan isansi. Dokar rukunin ita ce a auna nauyin mota a kwatanta da girman injinta. Saboda haka kowa ya shiga neman mota mafi ƙanƙanta wadda doka ta yarda da ita, don ya sa mata inji mafi girma. Nan aka waiwayi Willys. Ba ta da nauyi, ga ta gajera, ga araha.

Gajartar tana da amfani na musamman. Lokacin da mota ta zabura daga tsaye, nauyinta yana komawa baya, kamar yadda mahayi ke yin baya in doki ya zabura. Nauyin nan shi ke danne tayoyin baya su kama ƙasa, maimakon su yi ta juyawa a banza suna hayaƙi. Gajeriyar mota ta fi doguwa maida nauyi baya. Don a ƙara haka, sai suka ɗaga hancin motar sama.

Wadda ta fi suna cikinsu ita ce Willys ta 1941 ta mutane uku, Fred Stone da Leonard Woods da Doug Cook. Stone da Woods baƙar fata ne, Cook mai tuƙi farar fata, a farkon shekarun 1960, lokacin da wariyar launi take da ƙarfi a wurare da yawa na Amurka. Da farko injin Oldsmobile suka sa mata, daga baya suka koma ga na Chrysler. Bisa injin akwai wata na'ura mai hura iska da ƙarfi cikin silinda, aikinta ɗaya da na zugazugin maƙeri: iska ta yi yawa, wuta ta yi ƙarfi. Asalin wannan na'ura daga injin gazuwal na manyan kamiyo da bas na kamfanin GMC ake ciro ta. Zuwa tsakiyar shekarun 1960 motar tana cinye metir 402 ɗin nan cikin ƙasa da sakan 10, ta ƙetare layi da gudun da ya wuce kilometir 220 a awa. Yaran da suka ga haka da idonsu ba su manta ba. Da suka girma suka yi gidajen kansu, su ne suka shiga neman tsohuwar Willys don su gina tasu, wannan karon don yawo bisa hanya.

Inji shi ne mai sauƙi

Wanda bai sani ba yana tsammanin duk aikin ga inji yake. Waɗanda suka yi sun san inji shi ne abu mafi sauƙin samu. A makabartar motoci, inda ake tara waɗanda suka mutu ana sayar da kayansu, injuna masu silinda takwas suna nan jibge. Wanda aka fi amfani da shi na Chevrolet ne, wanda aka fara yi cikin 1955. Mai litir 5.7 ya fito cikin 1967, an ƙera miliyoyinsa. Da ɗan gyara kaɗan yana ba da ƙarfin doki 300.

Wuyar aikin ita ce, duk abin da ke jikin Willys an yi shi ne daidai ƙarfin doki 60. Mai amalanken jaki zai gane wannan da sauri. In ya kwance jakin ya ɗaura bijimai biyu ƙosassu, ya labta kaya daidai ƙarfinsu, bijiman ba za su gaji ba. Itacen ja ne zai karye, ko ƙarfen ƙafafu ya lanƙwashe, ko kuma a gangare amalanken ya ture shanun. Dole a sake komi daidai da sabon ƙarfi. Haka ita ma motar.

Ana farawa da kwance ta duka. Mai hankali yana ɗaukar hoton kowane abu kafin ya cire, ya zuba ƙusoshi cikin gwangwanaye ya rubuta daga ina suka fito, don bayan shekara uku ba wanda zai tuna. Ƙusar da ta yi shekara tamanin cikin tsatsa ba ta fita da gaggawa. A jiƙa ta da mai kwana da kwanaki, a gasa ta da wuta, sannan a murɗa a hankali. In an gama, sai a tara maƙwabta mutum biyar ko shida su ɗaga gangar jikin su aje bisa katako. Abin da ya rage a ƙasa shi ne shasi.

Shasi shi ne ƙashin bayan mota: dogayen ƙarafa biyu kwance, an haɗa su da gajeru kamar tsani. Na tsofaffin motoci siffar indararo gare shi, gefe guda buɗe. Irin wannan ƙarfe yana murɗewa in babban inji ya ja. Sai a yanko faranti na ƙarfe a rufe buɗaɗɗen gefen da walda, ya koma bututu mai kusurwa huɗu, wanda ya fi na da ƙarfi nesa. Nan ake gane gwani da ɗan koyo. Zafin walda yana jan ƙarfe. Wanda ya bi layi ɗaya daga farko har ƙarshe ba tsayawa, zai tarar shasinsa ya karkace kamar busasshiyar fata. Gwani kaɗan kaɗan yake yi, ɗan nan, ɗan can, dama da hagu, yana bari ya huce. Kowane lokaci yana auna kusurwa zuwa kusurwa, kamar yadda magini ke ja da igiya in zai fidda harsashin ɗaki. In awon biyu ba su zo daidai ba, motar za ta riƙa tafiya a karkace, tana cin taya, tana ja gefe, kuma ba fentin da zai ɓoye wannan.

Bayan shasi sai ƙarfen da ke haɗa ƙafafun baya, wanda ke karɓar ƙarfin inji ya raba wa tayoyi. Na Willys siriri ne, babban inji yana iya murɗe shi ya tsinke tun ranar farko. Mafi yawa suna sa na Ford, wanda aka fara yi cikin 1957, mai babban haƙori na kusan santimetir 23. Amma an yi shi don manyan motoci masu faɗi, ita kuwa Willys matsattsiya ce. Dole a yanke shi hagu da dama a rage, a sake haɗawa miƙe sak. Wannan da doguwar sandar da ke kawo juyi daga giya, ko masu gini a gida suna kai wa mai injin sassaƙa ƙarfe, don in ta karkace ko da kaurin farce ne, motar za ta riƙa kakkarwa har ƙusoshi su kwance.

Gaban motar kuma a nan ne ake gardama. Masu son siffar tseren da suna ɗaga hanci sama, su sa miƙaƙƙen ƙarfe guda tsakanin ƙafafun gaba. Kyau kam akwai. Amma siffar nan don tafiya miƙe aka yi ta. Gajeriyar mota mai tsawo sama, mai nauyin inji bisa, in ta shiga kwana da gudu ba ta da wuyar kifewa. Waɗanda ke son ɗaukar iyali suna saukar da hancin ƙasa, su sa irin ƙafafun gaba na Ford Mustang ta 1974 zuwa 1978, inda kowace ƙafa ke motsi ita kaɗai in ta faɗa rami. Wannan shi ne zaɓin mai tunani, ko da yake ƴan gargajiya suna yi masa dariya.

Birki

Ga abin da rai ya rataya a kai. Akwai wani lissafi da ya kamata duk mai tuƙa mota ko babur ya riƙe. In gudu ya ninka biyu, tazarar tsayawa huɗu take ninkawa. Alal misali, motar da ke gudun kilometir 50 a awa, in tana bukatar metir 15 ta tsaya bayan an taka birki, to a gudun 100 metir 60 take bukata. A gudun 150 kuwa metir 135. Birkin Willys na asali irin na kwano ne, wanda takalma biyu ke buɗewa su goge cikinsa. In aka taka shi da ƙarfi sau biyu sau uku a jere, kwanon ya yi zafi, birkin ya yi sanyi, ƙafa tana ƙasa mota tana tafiya. Saboda haka ake canza shi da na faifai, wanda iska ke bugawa ya huce da wuri.

Akwai kuma maganar man birki. A tsofaffin motoci hanya ɗaya ce ke kai man ga ƙafafu huɗu. In bututu guda ya tsage, duka birkin ya tafi lokaci ɗaya. Daga ƙarshen shekarun 1960 doka ta tilasta wa masu ƙera motoci a Amurka su raba hanyar biyu, ta gaba daban ta baya daban, don in ɗaya ta zube ɗaya ta riƙe. Wannan kayan ba shi da tsada, kuma ba a ganinsa in mota ta wuce. Shi ya sa wasu ke zuba kuɗɗinsu ga fenti da ƙarfe mai walƙiya su bar shi sai daga baya. Wannan ganganci ne, kuma ba mai motar kaɗai yake shafa ba.

Sai zafi. Isansin da inji ke ƙonewa, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai ke zama tafiya. Sauran zafi ne, wani ya fita ta bututun hayaƙi, wani ruwa ya kwashe. Inji mai ƙarfin doki 300 zafinsa ya ninka na mai 60 sau da yawa, ga shi hancin Willys tsini gare shi, ba wurin babbar radiyata, wato tankin nan mai kama da saƙar zuma inda ruwan inji ke hucewa. Sai a sa a ƙera wata daidai wurin, mai kauri, da ƙarfen sanholo irin na tukwane, a ƙara mata fanka mai aiki da batir. Motoci da yawa sun fito da kyau, amma da sun tsaya cikin cunkoson gari minti goma sai ruwa ya tafasa.

Wayoyin wuta duka ana zubarwa. Na da an naɗe su da zare, ya ruɓe, ɓeraye sun ci. Kuma batir na lokacin mai ƙarfi 6 ne, na yanzu 12.

Gangar jiki ita ke cin lokaci fiye da komi. Tsatsa tana cin ƙasan ƙofofi da daɓen ciki, inda ruwa ke kwanciya. A yanke ruɓaɓɓen wuri har a kai ga ƙarfe mai lafiya. A yanko sabon faranti, a ɗora bisa jakar fata cike da rairayi, a yi ta bugu da guduma ta itace har ya ɗauki lanƙwasar da ake so. Maƙerin da ke ƙera kwano ko tasa zai ga aikinsa a nan. Mai Ford yana iya sayen sabuwar ƙofa ko sabon murfin inji. Mai motar da ba a saba gani ba, sau da yawa hannunsa ne kantinsa. Wannan ita ce wahalar zaɓen baƙuwar mota, kuma ita ce abin alfaharin.

Abubuwan da ke kashe mutum cikin rumfa

Tun motar ba ta taka hanya ba tana iya yin kisa. Jak na ɗaga mota ne, ba na riƙe ta ba. Wanda zai shiga ƙarƙashi sai ya kafa ƙafafun ƙarfe ko gungumen itace mai ƙwari, ya girgiza ya ga ba motsi. Tsohon tankin isansi ko ya shekara ba komi ciki, tururin da ya rage yana fashewa in wutar walda ta taɓa shi. Hasken walda yana ƙona ido, zafin sai cikin dare yake tashi, kamar an zuba wa mutum rairayi. Ƙurar tsofaffin takalman birki tana ɗauke da wani ma'adini mai suna asbestos, wanda ke lalata huhu bayan shekaru, don haka ba a hura ta da baki, da jiƙaƙƙen tsumma ake sharewa. A da kuma da narkakkiyar dalma ake cike ramukan jikin mota, ƙurarta guba ce, ta fi cutar da yara.

Mafi mugunta shi ne hayaƙin inji cikin rufaffen ɗaki. Akwai wata iska cikinsa wadda ba ta da wari ba ta da launi. Mutum ya ji kansa yana ciwo, ya ji barci, ya kwanta, shi ke nan. Wannan ba ga mota kaɗai ba ne. Injin ban ruwa da injin wuta da babur duka suna fidda ita. Ba a tada su cikin ɗaki, balle cikin rijiya.

Ranar tada sabon inji babbar rana ce, abokai kan taru. A buɗe ƙofar rumfa, a aje abin kashe gobara kusa. Wani ya tsaya ga agogon mai, wani ga na zafi, wani ya leƙa ƙasa ko akwai yoyo. In irin tsofaffin injunan nan ne da aka sake wa kayan ciki, ba a barinsu su yi aiki a hankali. Ana riƙe su wajen juyi 2,000 a minti har kamar minti 20, don mai ya fantsama ko'ina, sababbin ƙarafa su saba da juna. In aka yi sakaci da wannan, aikin watanni yana iya lalacewa kafin a sha shayi.

Takardu da kuɗɗi

Hukuma ba ta barin mota ta hau hanya don kawai tana gudu. Kowace jiha da dokarta. Ana duba lambar da aka buga jikin shasi, a tabbata ba ta sata ba ce, wasu wurare a duba birki da fitilu. Shi ya sa mai gini ke adana takardar sayen inji da giya da duk wani babban kaya. A Kaliforniya motocin da aka ƙera kafin 1976 ba a kai su awon hayaƙi, don haka tsohuwar takardar Willys ta 1941 tana da daraja ita kanta.

Shan mai kuwa ba a magana. Motar da aka yi talla da ita don tsimi, yanzu tana iya shan litir 15 ko 20 cikin kilometir 100. Kuma da wuya mai gini a gida ya maida kuɗɗinsa in ya sayar, in aka lissafa kwanakin da ya ɓata. Da yawa ba su gamawa. Aure ya zo, ko ciwo, ko aiki ya ƙare, sai a ga talla: ana sayar da mota, an fara aiki, kayanta suna cikin kwalaye.

Yau Willys ta ƙarfen asali ta yi wuya. Filin tsere ya cinye da yawa, tsatsa ta ci sauran. Wadda aka gama da kyau ana iya sayar da ita sama da dalar Amurka 100,000. Ba dala ta tamma biyar ake nufi ba, kuɗɗin sun wuce miliyan 50 na sefa. Masu son adana kayan tarihi suna jin haushin masu yanka irin waɗannan motoci, don wadda aka bari yadda ta fito daga kamfani, da ɗan injinta mai silinda huɗu, ta fi wadda aka canza wuyar gani yanzu. Su kuma masu yankan suna cewa in ba don su ba, da tuni an narkar da ita an yi ƙarfen gini.

Da buƙata ta yi yawa, wasu kamfanoni suka shiga zuba sabuwar gangar jiki mai siffar Willys ta 1941, da zaren gilashi haɗe da wani irin danƙo mai daskarewa, irin abin da ake yin ƙananan jiragen ruwa da shi. Ba ta tsatsa, ba ta da nauyi, ana kawo ta har ƙofar gida tare da sabon shasi. In an yi fenti, daga nesa ba a rarrabe ta da ta asali. Don haka mai saye da ya san abin da yake yi yana zuwa da ɗan mayen ƙarfe cikin aljihu, naɗe cikin ƙyalle don kada ya karce fenti. Ya ɗora bisa ƙofa, ya ɗora bisa rufi, ya bi ƙasan jikin motar da shi. Inda ya manne, ƙarfe ne. Inda ya faɗi, ko zaren gilashi ne, ko kuma rami ne na tsatsa da aka cike da ƙullu aka shafe da fenti.